Kumburin Wuyan Jariri Ba Ƙurji Ba Ne, a Daina Yi Masa Sakiya

Har yanzu ana haifar jarirai da kumburi mai taushi a gefen wuya ko a hamata, a wuce da su wurin wanzami kafin a tuna da asibiti. Kaka ta ce ƙurji ne bai nuna ba, maƙwabciya ta ce maƙoƙo ne, wata kuma ta rantse cewa gamo uwar ta yi tana da ciki. Wani lokaci ko suna ba a yi ba an riga an sa ƙarfe a wuta.

Likitoci suna kiran irin wannan kumburi sistik haiguroma. Ban da jijiyoyin jini, jiki yana da wasu siraran hanyoyi masu kwashe wani ruwa garai-garai su mayar da shi cikin jini, waɗanda ke bi ta cikin kaluluwa. Idan wasunsu ba su haɗu daidai ba tun yaro yana ciki, sai ruwan ya taru. Ba ciwon daji ba ne, ba a ɗaukarsa, kuma babu abin da uwa ta ci ko ta taka da ya jawo shi. Kusan rabin masu shi ana ganinsa a jikinsu ranar haihuwa, yawancin sauran kafin su cika shekara 2.

To me ya sa sakiya ba ta yi? Ƙurji rami ɗaya ne mai mugunya, in an huda ya zube ya warke. Wannan kuwa cikinsa ɗaki-ɗaki yake kamar saƙar zuma. Wanzami zai huda ɗaki ɗaya, ruwa ya fito, kumburin ya ɗan saɓe, a yi ta sa wa wanzamin albarka. Bayan 'yan kwanaki ruwan ya dawo, domin hanyoyin da ke kawo shi suna nan. Abin da ya sauya kawai shi ne an buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Sai wurin ya yi ja, ya yi tauri, zazzaɓi ya rufe yaro, kumburin ya ninka ya danne maƙogwaro. Haba jama'a, wuyan jariri fa ake magana, inda manyan jijiyoyin jini da jijiyar da ke motsa fuska suke kwance kusa da juna! Ko yaron ya tsira, tabon da ya rage a ciki yana manne naman wuri guda, ya wahalar da likitan da zai yi aiki daga baya. Ƙaho da tsaga da shafe-shafen magani mai ƙuna duk hukuncinsu ɗaya.

A asibiti ba da wuƙa ake farawa ba. Likita zai taɓa, ya haska tocila, domin irin mai manyan ɗakuna haske yana ratsa shi. Sannan a yi sikanin, in ana son sanin zurfinsa a ɗauki hoton MRI. Mai manyan ɗakuna yawanci allura ake yi masa: a zuƙe ruwan, a zuba magani irin biliyomaisin ko dokisaikilin wanda ke sa bangon ɗakunan ya manne. Akan maimaita, saboda haka kada iyaye su ɓace bayan allurar farko suna cewa ba ta yi ba. Mai ƙananan ɗakuna, musamman na harshe da ƙasan baki, ya fi taurin kai. Yakan buƙaci tiyata ko maganin sha mai suna sirolimus, kuma yana iya dawowa. Wanda bai takura wa yaro ba, akan zuba masa ido kawai.

Sashen tiyatar yara za a nema, irin wanda ke asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri. Mai ciki da sikanin ya nuna kumburin a wuyan ɗanta, ta haihu a babban asibiti, kada a ce sai a gida. Idan kuwa kumburin ya ƙaru farat ɗaya, ko ya yi ja da zafi, ko numfashin yaro ya fara ƙara, ko ya kasa kama nono, a tafi da shi a daren, kada a jira maigida ya dawo daga tafiya.