Ciwon marar maza: shin duk sanyi ne?

 Yau maganar ta maza ce, amma uwargida kada ki canza tasha, don sau da yawa ke ce kike fara lura maigida ya kasa zama daram a kan kujera.

Akwai ciwon da maza ke jin nauyin faɗa: zafi a mara ko tsakanin maraina da dubura, fitsari kaɗan-kaɗan dare da rana, wani lokaci har raɗaɗi bayan saduwa da iyali. Idan ya haura wata 3 yana tafiya yana dawowa, likita kan sa ido a kan furostet, wata 'yar gaɓa mai girman goro da ke ƙarƙashin mafitsara, wadda hanyar fitsari ta ratsa tsakiyarta. Mu kuwa ba ma jiran likita. Sai kemis, a sassauta murya a ce, "Malam, ba ni na sanyi, mai ƙarfi."

To, ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi? A wasu, ƙwarai kuwa. Bakteriyar E. coli, wadda gidanta hanji ne, ita ce kan gaba wajen haurawa ta hanyar fitsari, sai irin su Klebsiella da Proteus. In suka samu wurin zama sukan lulluɓe kansu da wani yauƙi, ko su maƙale jikin 'yan duwatsun da ke taruwa a furostet, magani ya kasa cim musu. Shi ya sa mutum zai ji sauƙi, bayan 'yan makonni ƙwayar nan dai ta sake bayyana a fitsarinsa. Wannan ba aikin kwana 5 ba ne. Likita kan ba da irin su ciprofloxacin na mako 4 zuwa 6, saboda magunguna ƙalilan ne ke iya ratsa furostet.

Sai dai masu irin wannan ba su wuce 1 cikin 10 ba. Sauran, ko an auna fitsarinsu, an tausa furostet da yatsa ta dubura, an sake aunawa, ba a samun abin da za a ɗora wa laifi. A 2004 likitoci a Amurka da Kanada sun fitar da sakamakon gwaji kan maza 196 da suka daɗe da ciwon. An ba wasu ciprofloxacin na mako 6, wasu kuma ƙwayar da babu magani a cikinta, kuma ba a ga bambancin a zo a gani ba. Duk da haka a nan mutum zai shanye kati bayan kati, aljihu ya rame, ƙwayoyin cutar cikinsa kuma su koyi bijire wa magani.

Masana ba su wanke bakteriya tas ba. Wasu na ganin ita ce ke kunna wutar tun farko, ta mutu, ta bar jijiyoyi suna ta kai saƙon zafi, tsokokin ƙasan mara kuma a ɗaure. Damuwa da yawan zama na ƙara wa ciwon ƙarfi, don haka direba da tela su saurara. Irin wannan ana tunkararsa ne da motsa jiki na sassauta tsoka, zama cikin ruwan ɗumi, maganin buɗe hanyar fitsari da na kwantar da jijiya.

Wanda kuma ya taso yana wanka a rafi ko yana noman rani, ya gaya wa likita, domin ƙwan tsutsar tsargiya na iya kaiwa furostet, har a ga jini a maniyyi, kuma maganinta daban ne, praziquantel.

Amma in ciwon ya zo farat ɗaya da zazzaɓi, rawar ɗari, ko fitsari ya tsaya cak, wannan bakteriya ce tsagwaronta, tana iya shiga jini. A tafi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne.