Motar da Take Kashe Kanta

Wataƙila wasunku sun taɓa shiga ɗaya daga cikin motocin nan 'yan Kwatano, direba ya taka burki a mahaɗar hanya, sai inji ya yi tsit kamar ya mutu. Kafin ka ce a sauka a tura, ya ɗaga ƙafarsa, inji ya tashi da kansa. Motar ba ta lalace ba, haka aka ƙera ta.

Dabarar ta daɗe. Kamfanin Toyota ya gwada ta a motarsa Crown a 1974, Volkswagen da Fiat kuma suka fito da nasu a 1983. Amma sai daga wajen 2007 ta bazu a Turai, domin a rage shan mai da hayaƙi. Wata ƙaramar kwamfuta ce take lura da burki, da zafin inji, da ƙarfin batir. In ta ga mota ta tsaya cik, sai ta kashe inji. A mota mai giyar hannu, taka kuloci ne yake sake tayar da shi. Wani gwaji da ƙungiyar masu motoci ta Amurka ta yi a 2014 ya nuna ana rage mai kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, wannan ba abin rainawa ba ne.

To, amma wa yake ɗaukar wahalar? Batir ne. Tsohuwar Peugeot 504 sau kaɗan ake yi mata ki a yini, sauran lokaci injin cajinta yana mayar wa batir abin da ya kashe. Wannan kuwa tana iya tashi sau da yawa a tafiya ɗaya cikin gari, kuma kowace tashi sitata tana jan wuta mai yawa. Ban da haka, yayin da inji yake kashe, batir shi kaɗai yake riƙe da fitilu, rediyo da fanka.

Saboda haka aka yi mata batir na musamman iri biyu, EFB da AGM. Na farkon ɗan'uwan batir ɗin ruwa ne da muka sani, sai dai an ƙarfafa farantansa. A na biyun, ruwan batir yana jiƙe cikin wani abu kamar auduga da aka yi da zaren gilashi, kuma a rufe yake, ba a ƙara masa ruwa. Dukansu sun fi na gama-gari tsada.

A nan ne mutanenmu suke faɗawa cikin asara. Batir ya mutu, maigida ya tafi kasuwa a Zuru ko Kontagora ya sayi mai araha, tun da duka volt 12 ne. Ba a jima ba farantan suka gaji, ga kuɗi sun tafi, ga mota ta ƙi tashi ranar Lahadi da safe. Zafin watan Maris da Afrilu kuma yana ƙara rage kwanan kowane batir. Wasu motocin ma, in an canja batir, sai mai rewaya ya sanar da kwamfutar da na'ura, in ba haka ba za ta ci gaba da cajinsa kamar tsohon.

Ni a ganina, an yi dabarar ne domin cunkoson manyan birane irin su Legas da Kano. Daga Kanya zuwa Zuru, sau nawa mota za ta tsaya ta jira? Man da za a rage kaɗan ne. Yawancin motocin suna da maɓalli mai harafin A da kibiya ta zagaye shi. In an danna, inji ba zai kashe kansa ba, sai dai a motoci da yawa dole a sake dannawa duk lokacin da aka tayar da mota. Ko an danna, batir ɗin da za a saya shi ne irin wanda aka tarar a cikinta, kuma sunan irin yana rubuce a jikinsa.