Bukkar zannuwa: Yadda yaro zai fahimci haske da inuwa a cikin ɗaki

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato kan haura digiri 40, iyaye kan rasa abin da za su ɗauke hankalin yaran da rana ta hana fita. Kujeru biyu da zannuwa masu duhu sun wadatar. Bargo kam a bar shi sai hunturu. A lulluɓe kujerun su zama bukka, a rataya farin zane a gefe guda, a haska shi da tocilar waya.

Da zarar yaro ya sa hannu tsakanin tocilar da zanen, inuwa za ta bayyana, domin haske a miƙe yake tafiya, ba ya kewaye abin da ya tare shi. Idan ya matso da hannun kusa da tocila, inuwar ta girma. Idan ya kai shi jikin zane, ta ƙanƙance. Inuwar kofin gilashi kuwa dishi-dishi ce, saboda haske na ratsa shi.

Ilimin ba baƙo ba ne a birnin Shehu: da tsawon inuwa malamai ke gane shigar La'asar tun kafin agogo ya yawaita.

Kada a shigar da kyandir ko ashana, kuma a bar ƙofar shan iska.