Daga Awdaras zuwa Agadas: abin da wani baƙo ya gani a 1850

A cikin watan Oktoba na shekarar 1850, wani Bature ɗan ƙasar Jamus mai suna Heinrich Barth ya ratsa duwatsun Abzin daga arewa, ya gangaro ta ƙasar da a yau take cikin gundumar Cirozerin, ya shiga birnin Agadas. Shekarunsa 29 a lokacin. Gwamnatin Ingila ce ta aiko shi tare da abokan tafiya biyu, kuma ya ɗauki sunan Abdulkarim, wanda da shi ne mutanen ƙasar suka san shi. Kwana 20 ya yi a birnin. Abin da ya gani ya fito cikin littafin tafiye-tafiyensa da aka buga a 1857 da 1858, kuma ya kamata jama'ar Abzin su san shi, domin baƙo yakan lura da abin da ɗan gari ya saba da shi har ya daina gani.

Ya bar abokan tafiyarsa a Tintallus, garin Annur, babban Abzinawan Kel Ewey, ya tashi ranar 4 ga watan tare da ƴan rakiya. Takarkari aka ba shi ya hau, bai yi nisa ba san ya kayar da shi, sai ya koma bisa raƙumi. Bayan ƴan kwanaki suka faɗa cikin kwarurrukan kudancin Abzin, wajajen Awdaras. Mutumin da ya kwashe watanni cikin rairayi da baƙin dutse sai ga shi tsakanin goruba da manyan itatuwan ƙaya, ga ciyawa da damina ta bari, ga tsuntsaye suna kuka ta ko'ina.

Dabbobin dawa su suka fi ɗaukar hankalinsa a wannan hanya. Ya yi maganar birai da diloli, da barewa, da zabin daji, da jimina. Ya kuma yi maganar zaki. Sawunsa yana bisa rairayin ƙoramu, kuma matafiya sun san da zamansa. Barth ya lura cewa zakin Abzin ba shi da geza irin ta zakunan da ake zanawa cikin littattafan Turai, kuma a ganinsa bai cika faɗa ba. Yadda ya ba da labarin, babu alamar ya ɗauki waɗannan namun a matsayin abin da zai iya ƙarewa. Suna nan kamar yadda duwatsu suke nan.

A kwarin Awdaras ya ga wani abu da bai kamata a ɓoye ba: bayi uku an ɗaura musu garma, ubangidansu yana kora su kamar shanu. Wannan ma yana cikin tarihin wurin, kamar yadda dabino da rijiyoyi suke ciki.

Ranar 10 ga Oktoba ya isa Agadas, aka sauke shi a gidan Annur. Tun daga nesa hasumiyar babban masallaci ce ta fara tarbarsa, ginin laka mai tsawon mita 27 wanda aka soke da itacen goruba jere bisa jere. Tun farkon ƙarni na 16 take tsaye, amma an sabunta ta a 1844, wato shekara 6 kacal kafin zuwansa. Cikin gari kuwa abin da ya fi gani shi ne kufai. Unguwanni sun zube, gidajen da ke da mutane ba su wuce 600 zuwa 700 ba, ya kuma ƙiyasta jama'ar birnin duka da kamar mutum 7,000. Tsofaffin katangu sun nuna masa cewa a zamanin da fataucin zinariya yake ci, garin ya ninka haka sau da yawa.

Duk da haka, kasuwa tana ci. Akwai wurin raƙuma, akwai wurin kayan miya inda ake kasa lalo, akwai rumfar da mata ke sayar da duwatsun wuya da takalma da ƙananan battocin fata. A mahauta ya ga manyan ungulaye sun jeru bisa rusasshen bango suna jiran rabonsu, ba wanda ya kula da su, su ma ba su kula da kowa ba. Cikin garin akwai kududdufai inda mata ke wanki, yara suna iyo, ana shayar da dawaki. Abin da ya ba shi mamaki a ciniki shi ne, wuri bai da daraja a nan kamar yadda yake da ita a Kano ko Katsina: gero shi ne kuɗi, da mudu ake sayen ƙananan kaya. Fataken Tawat da ke zaune a birnin su ma hatsi suke saye lokacin araha, su ɓoye, su fitar lokacin tsada. Mai karatu zai ga cewa wannan sana'a ta daɗe, kuma ba ta mutu ba.

Harshen ƴan gari a lokacin wani reshe ne na harshen Sanwai, dangin Zabarmanci, Abzinawa suna da Tamajak, amma Hausa ita ce ta haɗa kowa a kasuwa. Ranar 16 ga watan, wadda ta zo daidai da Sallar Layya, ya ga bikin naɗin Sarkin Abzin Abdulƙadiri da hawan da aka yi zuwa idi, manyan Kel Geres da Itesan bisa dawaki da raƙuma. A kwanakin ne kuma ayarin gishiri ya ɗaura kaya zuwa Bilma, aka ce masa raƙuma 10,000 ne.

Ya bar Agadas ranar 30 ga Oktoba da tunanin cewa ya ga birni mai mutuwa a tsakiyar daji mai rai. Zamani ya juya lissafin nan gaba ɗaya. A ƙidayar 2012 mutanen Agadas sun haura 100,000. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin jerin kayan tarihin duniya. Hasumiya tana nan, fadar Sarki tana nan, ana cinikin raƙuma, maƙera da dukawa suna aiki, har gidan da baƙon ya kwana an adana shi ana nuna wa masu ziyara. Tsohon harshen garin ne ya kau, Hausa ta maye gurbinsa har cikin gidaje. Ayari yana tashi zuwa Fashi da Bilma bayan damina, ko da yake manyan motoci sun karɓe kaso mai yawa na kayan.

Har ma an sami sabon gari inda Barth bai ga komai ba. Hanyarsa ta bi ta gabas da inda Cirozerin take, kuma a wancan zamani wurin makiyaya ne. Gawayin ƙasa na Anu Araren ya canza shi. An kafa kamfanin SONICHAR a 1975, tasharsa ta fara ba da wutar lantarki a 1981, domin ma'adinan uraniyom na Arlit da kuma garuruwan Agadas da Cirozerin. Da aka sami albashi sai aka sami kasuwa. Wanda ya sauka garin da safe zai ga ma'aikata suna tafiya aiki, mai shayi ya hura wuta, mahauci ya rataye nama, ƴan kabu-kabu suna jiran fasinja. Masu garake na bakin ƙorama suna kawo albasa da tumatir da dankali, makiyayi ya ɗaure raƙuminsa ya shiga kanti sayen sukari da ganyen shayi, ɗan kasuwa daga Tawa ko Maraɗi yana yi masa ciniki da Hausa. In an cire injin da waya, babu abin da zai ɓata wa Abdulkarim kai a wannan titi.

Daji shi ne zai ɓata masa kai. Zaki ya ƙare a Abzin tun kafin tsakiyar ƙarni na 20. Farin 1973 da na 1984 sun kashe ciyawa da itatuwa, sun tura dabbobin gida cikin kwarurrukan da namun daji ke fakewa. Bindiga da mota mai iya bin rairayi sun ƙarasa aikin, domin barewar da ta fi doki gudu ba ta fi inji jimiri ba. A 1988 gwamnati ta keɓe gandun Abzin da Tenere, fili mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 77,000. UNESCO ta amince da shi a 1991, amma shekara ɗaya bayan haka sai ta sa shi cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari, saboda tawayen da ya ɓarke. Cikin waɗannan shekarun ne jiminar Abzin mai jan wuya ta ƙare a sake. Ƴan kaɗan da suka tsira a killace aka riƙe su, a Iferwan da kuma Kelle cikin ƙasar Damagaram, ana fatan su hayayyafa. Tun daga 2014 kuma neman zinariya ya cika lungunan duwatsu da mutane da motoci. Abin da ya rage shi ne birai, da ragon dutse, da barewa nan da can, sai dila wanda ba ya rasa dabara.

Wannan asara ba ta masana kaɗai ba ce. Akwai garuruwan da dabbobinsu ke ciyar da su. A birnin Nara na ƙasar Japan, barewa fiye da 1,000 suna yawo cikin lambuna da tituna, baƙi suna zuwa daga nesa don su gan su, masu masauki da masu abinci suna cin moriya. Abzin ta taɓa ɗanɗana irin wannan a shekarun 1980, lokacin da ƴan yawon buɗe ido ke sauka Agadas, direbobi da ƴan jagora da maƙeran azurfa suna samu. Tawayen 1990 da na 2007, da sace-sacen Turawa da suka biyo baya, sun yanke wannan hanya.

Dabbar da ta fi suna a yankin a yau ta dutse ce. A Dabus, arewa da Cirozerin kusa da hanyar Arlit, fiye da kilomita 100 daga Agadas, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa bisa wani falalen dutse. Babban ya haura mita 5, an fitar da dabbare-dabbaren jikinsa ɗaya bayan ɗaya, kuma daga bakin kowanne wani zare ya sauko zuwa ga ɗan ƙaramin mutum. Masana sun ce aikin ya kai shekara 6,000 zuwa 8,000, zamanin da ƙasar take da tabkuna da ciyawa. A kewayen akwai zane fiye da 800, galibinsu na dabbobi. Makiyaya sun daɗe da sanin wurin, amma sai a 1987 wani Bafaranshe mai suna Christian Dupuy ya rubuta labarinsa. Daga baya aka ɗauki siffar sassaƙen, aka zuba kwafinsa da ƙarfe, aka ajiye a filin jirgin saman Agadas.

Mai son ganin raƙumin dawa da rai kuwa sai ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa Kure, kusa da Yamai. A 1996 guda 49 ne kacal suka rage a can, su ne na ƙarshe a Afirka ta Yamma. Da manoman wurin da ma'aikatan gandun daji suka tsare su, cikin shekara 20 da ƴan kai sun haura 600. A 2018 an ɗauki 8 daga cikinsu a mota an kai su gandun Gadabeji, arewa da Dakwaro, a bakin ƙasar makiyaya inda kakanninsu suka taɓa kiwo.