GIYAR HANNU KO OTOMATIK: WACCE TA FI SAURIN TASHI?

Akwai wata gardama da ta daɗe tana ci tsakanin direbobi da kanikawa 'yan Arewa mazauna Kudu, tun daga Agege da Idi-Araba har zuwa Sabo ta Ibadan. Tsofaffin hannu sun tsaya a kan cewa in ana maganar tashi da sauri babu kamar mota mai giyar hannu, otomatik kuwa motar rago ce. Samari su kuma suna cewa wannan zancen da ne. Abin da ya tabbata shi ne dattawan sun yi gaskiya a zamaninsu, amma zamanin ya juya.

DALILIN DATTAWA

Sa'ad da aka fara harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna cikin shekarar 1975, yawancin motocin da ke kan titunan ƙasar nan masu giyar hannu ne, giya huɗu. Otomatik ta wancan lokaci kuwa giya uku gare ta. Wata ma da Chevrolet ya fitar a Amurka cikin 1950, mai suna Powerglide, giya biyu ce tak. Mota mai ƙarancin giya tilas ta yi nauyin tashi, domin tazarar da ke tsakanin giya da giya ta yi yawa.

Ban da wannan, otomatik ba ta da kuloci irin wanda direba ke takawa. A madadinsa akwai wata tukunya cike da mai, da fanka biyu a ciki suna fuskantar juna. Injin ya juya ta farko, ita ta kaɗa man, man kuma ya juya ta biyu. Da yake mai ne ya haɗa su, ba ƙarfe ba, sai wani kashi na ƙarfin injin ya salwanta ya zama zafi. Shi ya sa direba zai taka totur, injin ya yi ruri, motar kuwa tana jan ƙafa.

INDA KIƊA YA CANZA

To, amma giyar hannu tana da nata lahani. Duk sa'ad da direba zai sauya giya, sai ya ɗaga ƙafa daga totur, ya taka kuloci, ya ja sandar giya, sa'an nan ya saki. A wannan ɗan tsakani injin ba ya tura taya ko kaɗan, motar tana tafiya ne da saurin da ta riga ta samu. Komi gwanintar mutum ba zai iya kawar da wannan giɓi ba, sai dai ya rage shi.

Masu tseren motoci ne suka fara neman magani. Cikin 1989 kamfanin Ferrari na Italiya ya shiga gasar Formula 1 da wata mota wadda ake sauya mata giya da yatsu a bayan sitiyari, ba tare da taka kuloci ba. Direbanta Nigel Mansell, Baturen Ingila, ya ci tseren farko da ta shiga a Burazil. Kafin 'yan shekaru duk sauran kamfanonin gasar sun bi sahu.

A Jamus kuwa Porsche ya bi wata hanya dabam, watau giya mai kuloci biyu, wadda ya jarraba a motocinsa na tsere cikin shekarun 1980. Kuloci ɗaya na riƙe da giya ta 1 da ta 3 da ta 5, ɗayan kuma na riƙe da ta 2 da ta 4 da ta 6. Mota na tafiya a giya ta biyu, ta uku ta riga ta shiga tana jira. Da lokaci ya yi sai kwamfuta ta saki wannan kuloci ta kama wancan, kafin ƙiftawar ido, ƙarfin injin bai yanke ba. Volkswagen ya fara sayar wa jama'a irin wannan giya cikin 2003 a Golf R32, Porsche kuma ya sa tasa, mai suna PDK, a motarsa 911 cikin 2008.

Har ila yau ita ma tsohuwar otomatik mai tukunyar mai an gyara mata zama. An sa mata wani kuloci a ciki wanda ke kulle fankokin biyu da zarar mota ta motsa, an kuma ƙara yawan giya har takwas, kamar wadda kamfanin ZF na Jamus ke yi. Ita BMW ya sa a motarsa M5 ta 2017.

GANI YA KORI JI

Porsche 911 GT3 ta shekarar 2017 ta isa shaida, domin an fitar da ita iri biyu, injin ɗaya, ƙarfin doki 500. Bisa lissafin kamfanin, mai PDK tana kai gudun kilomita 100 daga tsaye cikin sakan 3.4, mai giyar hannu kuwa sai ta ci sakan 3.9. Wani ɓangare na wannan rata a wajen tashi yake, domin kwamfuta ce ke auna yadda za a saki kuloci, kada taya ta yi ta murzawa a wuri ɗaya. Ƙafar ɗan Adam ba ta iya wannan awo sau biyu daidai wa daida.

Wannan ne ya sa Ferrari da Lamborghini suka bar sa giyar hannu a motocinsu, Chevrolet ma da ya sabunta Corvette a 2020 bai ba ta sandar giya ba. Duk da haka giyar hannu ba ta mutu ba. Porsche ya cire ta daga GT3 cikin 2013, masu saye suka yi ta ƙorafi, ya mai da ita cikin 2017. Su waɗannan sun san an fi su sauri, daɗin sarrafa mota da hannunsu suke biya.

GA MAI NIYYAR SAYE

Wanda ya nufi kasuwar motoci ta Berger a Legas da kuɗin guminsa ya kamata ya lura cewa ba kowace otomatik ce irin ta Porsche ba. Tsohuwar tokumbo mai giya huɗu wadda aka daɗe ba a sauya mata man giya ba, giyar hannu mai lafiya za ta bar ta a baya. Giya mai kuloci biyu kuma, musamman wadda kulocinta ba ya cikin mai, ba ta son gosulo irin na Oshodi, domin tafiyar ja-tsaya tana ɗora mata zafi, gyaranta kuma sai da kwamfuta da kuɗi mai kauri. Giyar hannu kowane bakanike ya san cikinta, in batir ya mutu a hanyar Lokoja a tura ta ta tashi, abin da otomatik ta yanzu ba ta yarda da shi ba.

Saboda haka in gardamar ta saurin tashi ce kawai, samari sun ci. Amma iyakar gudun da doka ta yarda wa ƙaramar mota a babban titi irin na Legas zuwa Ibadan kilomita 100 ne, kuma rabin sakan ba zai kai kowa Kano da wuri ba. Masu iya magana dai sun ce sauri ya haifi nawa.