Kwanciya Ba Ta Tayar da Ɓarin Jikin da Ya Shanye

A Ƙauran Namoda ko Shinkafi ko Zurmi, idan dattijo ya wayi gari baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu da ƙafa na ɓangare guda sun ƙi motsi, abin da iyali suka saba yi sananne ne. Za a shimfiɗa masa katifa a ƙuryar ɗaki, a hana shi ɗaukar ko da moɗa, a riƙa ba shi abinci a baki, a yi masa alwala. Babu mai musun cewa tausayi da biyayya ne suka kawo haka. Sai dai binciken masana na shekaru fiye da saba'in ya nuna cewa wani sashe na wannan hidima yana daɗa naƙasa majiyyacin ne.

Shanyewar ɓarin jiki ba ciwon hannu ko ƙafa ba ne, a ƙwaƙwalwa ɓarnar take. Ko dai gudan jini ya toshe wata jijiya, ko kuma jijiyar ta fashe, sai ƙwayoyin halittar da take ciyarwa su rasa iskar oksijin su mutu. Da yake ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa dama na jiki, na dama kuma hagu, sai illar ta bayyana a ɗaya gefen. Wani babban bincike mai suna SIREN, wanda aka gudanar a asibitoci 15 na Nijeriya da Gana, ciki har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, ya fitar da sakamakonsa a 2018 bayan nazarin majiyyata 2,118. Kashi 68 cikin 100 toshewa ce ta same su, 32 kuwa fashewa, kuma kimanin kashi 90 cikin 100 na lalurar an danganta shi da hawan jini.

To, me doguwar kwanciya take yi wa jiki? A 1966, a birnin Dalas na Amurka, an kwantar da samari biyar lafiyayyu 'yan shekara 20 har mako uku ba sa sauka daga gado. Da suka tashi, ƙarfin zuciyarsu da huhunsu na isar da oksijin ga tsoka ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake gwada mutanen nan biyar, sai aka tarar tsufan shekara 30 bai rage musu ƙarfi kamar yadda kwanciyar mako uku ta yi ba. Idan haka ta faru ga saurayi, mai karatu ya auna da dattijon da ya haura sittin. Banda ramar tsoka, gaɓoɓi kan sandare, gyambo ya fito a ƙugu da diddige, jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa.

Abin da ya fi ƙayatar da mai nazarin halittu shi ne yadda ƙwaƙwalwa take sake rabon aiki. Ƙwayoyin da suka mutu sun tafi ke nan, amma maƙwabtansu na iya ɗaukar nauyinsu idan an matsa musu. A 1996 Randolph Nudo da abokan aikinsa suka jawo ƙaramar toshewa a sashen da ke sarrafa hannu a ƙwaƙwalwar wasu birai. Waɗanda aka ƙyale, sai sauran yankin hannun da ya tsira ya ci gaba da tsukewa. Waɗanda kuwa aka tilasta wa tsinto ƙwayar abinci daga 'yan ramuka kullum, yankin bai tsuke ba, a wasu ma faɗaɗa ya yi. Wani masani, Edward Taub, ya lura cewa mai lalurar yakan gwada hannun ya kasa, sai ya koma ga mai lafiyar, har ƙwaƙwalwa ta koyi mantawa da maras lafiyar. Daga nan aka samo dabarar sanya wa hannu mai lafiya safa mai kauri yawancin yini na mako biyu, ana horar da ɗayan sa'o'i da dama. Gwajin da aka wallafa a 2006 kan mutum 222 ya nuna ribar tana nan bayan shekara guda, amma ga waɗanda yatsunsu suka fara ɗan motsi kaɗai ake yin ta.

Gaggawa ma tana da nata haɗarin. Gwajin AVERT na 2015, mai majiyyata 2,104 a ƙasashe biyar, ya gano cewa waɗanda aka riƙa tayarwa akai-akai tun cikin sa'o'i 24 na farko, kashi 46 cikin 100 ne suka samu kyakkyawan sauƙi bayan wata uku, alhali sauran sun kai 50. Ranar farko ta likita ce. Bayanta ake farawa kaɗan-kaɗan, kuma watanni uku zuwa shida na farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar horo.

A nan matsalar mutanenmu take. Ƙwararrun gashi da motsa gaɓoɓi sun fi taruwa a manyan asibitocin Gusau da Sakkwato da Zariya da Kano. Kai shanyayyen mutum Gusau daga Zurmi sau biyu a mako, ga kuɗin mota ga fargabar hanya, abu ne da gidaje kaɗan za su jure. Shin gida zai wadatar? Wani gwaji a Amurka a 2011, mai mutum 408, ya nuna atisaye a gida ƙarƙashin kulawar ƙwararre ya yi daidai da na'urar koyon tafiya mai tsada. A Ibadan ma, a 2014, an ga waɗanda aka yi wa gashi a ƙaramin asibitin unguwa da waɗanda aka bi har gida sun samu sauƙi iri ɗaya. Amma a Indiya, a 2017, da aka ɗan koya wa dangin majiyyata aikin aka bar musu, cikin gwajin mutum 1,250, ba a ga wani bambanci ba bayan wata shida. A ganina darasin a fili yake: na'ura ba dole ba ce, amma idon ƙwararre dole ne, ko da sau ɗaya a wata ne zai duba ya ƙara wahalar atisayen. Horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin karkara ya fi sayen injuna amfani.

Kayan horon kuwa suna cikin gida: tsintar wake daga faifai, ɓare gyaɗa, jan carbi, ɗaga buta, sa maɓallin riga, tashi daga kujera a zauna sau goma. Sai a kiyaye abu uku. Kada a ja shi ta hannun da ya shanye, domin kafaɗar na iya gocewa. Kada a gasa da ruwan zafi, tunda fatar ba lallai ta ji ƙuna ba. Kada kuma a ɗura wa mai sarƙewa ruwa ko kunu yana kwance, don yana iya gangarawa huhu.

Masu ciwon zuciya ma tarihinsu ɗaya. A da mako shida ake kwantar da wanda jijiyar zuciyarsa ta toshe, har sai da Samuel Levine da Bernard Lown suka nuna a 1952 cewa zama a kujera ya fi. Yau tafiyar ƙafa ce ginshiƙin farfaɗowarsu, bayan izinin likita, tare da shan maganin hawan jini ba fashi. Ma'aunin mai sauƙi ne: tafiyar da za ka yi numfashi ya ɗan ƙaru amma kana iya hira. A fara da minti biyar zuwa goma da sanyin safiya, musamman a zafin bazara, a riƙa ƙarawa har a doshi minti 150 a mako. Ciwon ƙirji ko jiri ko haki mai tsanani na nufin a tsaya nan take a nufi asibiti.