Cutar Tsutsa Ta Zama Maganin Manoman Shayi

Duk inda muka zauna a zango, da wuya hira ta yi nisa ba a ɗora buta a kan gawayi ba. To amma mu nawa ne muka taɓa tambayar abin da aka fesa wa ganyen nan kafin ya iso hannunmu? Yawancin koren ganyen da muke dafawa daga ƙasar Sin ake kawo shi. Shi kuwa ganyen shayi ba a wanke shi bayan an tsinko, sarrafa shi ake yi a busar. Saboda haka sauran maganin ƙwari da ya maƙale a jikinsa yana iya biyo shi har cikin kofi.

Ɗaya daga cikin manyan abokan gaban manomin shayi shi ne tsutsa, wadda ke cinye sabon toho, wato ainihin abin da ake sayarwa. An daɗe ana yi mata feshin guba, har wasu tsutsotsin suka saba, magani ya daina kama su. Ga shi kuma gubar tana kashe gizo-gizo da sauran ƙwarin da ke farautar tsutsar.

Masana sai suka lura cewa tsutsa ma tana da annobarta. Akwai wani dangin ƙwayar cuta mai suna bakulobairos da ke kama ƙwari, kuma yawanci kowane iri da tsutsar da yake bi. Ba ya taɓa mutum, ko dabba, ko kudan zuma. Idan tsutsa ta ci ganyen da ke ɗauke da shi, sai ya bazu a jikinta. A ƙarshe ta mutu ta narke, ruwan jikinta ya zuba kan ganye, 'yan'uwanta su ci su kamu.

A lardin Kagoshima na Japan, a farkon shekarun 1990, an kafa wuraren kiwon tsutsa musamman. Akan sa musu cutar, a niƙa gawarsu, a tace, a gauraya da ruwa a fesa a gona. A 1995 an fesa wa gonakin shayi fiye da hekta 5,000 a lardin. A Sin ma ana amfani da irin wannan dabara a kan wata tsutsa mai tafiya tana lanƙwasa baya.

Sai dai aikin yana son haƙuri. Guba tana kisa nan take, wannan kuwa yakan ɗauki kwanaki ko makonni, kuma hasken rana yana lalata ƙwayar. Dole manomi ya riƙa zagaya gonarsa, ya yi feshi tun tsutsa tana ƙarama.

Mu masaya ba mu da gonar shayi, amma lafiyarmu tana cikin abin da manomin can ya zaɓa. Allah Ya tsare mu da abin da muke ci da sha, amin.